Koriya, Sin ko Turai: wane yanki ne ya fi ƙarfi a gasar wasannin dabaru na kwamfuta?

Ranar 9 ga watan Nuwamba na 2025, a birnin Chengdu na ƙasar Sin, ƙungiyar T1 ta Koriya ta Kudu ta doke takwararta KT Rolster da ci 3 da 2 a wasan ƙarshe na gasar duniya ta League of Legends. Ƙungiyoyin biyu duka na Koriya ne, kuma a cikin gidan Sinawa suka zo suka yi rabon kofin. Wanda ya kalli wannan wasa kaɗai zai ce magana ta ƙare, Koriya ce sarauniya.

To amma wata biyu kafin nan, a birnin Hamburg na Jamus, an yi babbar gasar wasan Dota 2 da ake kira The International, kuma babu ƙungiyar Koriya ko ɗaya a filin. Team Falcons ce ta ɗauki kofin bayan ta doke Xtreme Gaming ta ƙasar Sin da ci 3 da 2. Kafin wannan ma, a watan Yuli a birnin Riyad, wani ɗan ƙasar Finlan mai laƙabin Serral ne ya lashe gasar StarCraft II, wasan da shekaru da dama ake ɗaukarsa tamkar gadon gidan Koriyawa.

Shekara ɗaya, manyan kofuna uku, amsoshi uku. Shi ya sa gardamar nan ta wane yanki ya fi ƙarfi ba ta ƙarewa tsakanin matasa masu bin waɗannan wasanni. Sai dai idan aka bi tarihin gasannin a tsanake, akwai abin da ke fitowa fili: ƙarfin yanki ba a jinin mutanensa yake ba. Yana cikin abin da aka gina musu a gida, wato gasa mai tsari, abokan atisaye masu zafi, layin intanet marar jinkiri, da albashin da zai riƙe yaro ya mai da wasan sana'a. Inda aka gina waɗannan, kofi na zuwa. Inda aka bar su suka rushe, kofi na tafiya.

Wane irin wasa ake magana a kai?

Ga wanda bai saba ba, waɗannan ba irin wasan ƙwallo ko na harbe-harbe ba ne da aka fi gani a salular yara. A StarCraft mutum biyu ne ke karawa, kowa na tara dukiya, yana gina sansani, yana haɗa runduna, yana kuma ƙoƙarin gano shirin abokin karawarsa kafin ya afka masa. A League of Legends da Dota 2 kuwa mutum biyar ne ke fuskantar biyar, kowa da gwarzon da yake sarrafawa, burinsu su rushe babban ginin abokan gaba. Akwai lissafi irin na dara, sai dai ba a jiran kowa ya yi nasa motsi, komai a guje ake yinsa.

Kuma harka ce ta kuɗi masu nauyi. Kyautar The International ta 2021 ta kai dalar Amurka miliyan 40. Kamfanonin da suka mallaki wasannin sun raba duniya yanki-yanki, kowane yanki da gasarsa, sannan zakaru su haɗu a gasar duniya. Daga nan ne kwatancen ya samo asali.

Inda Koriya ta fi kowa

A League of Legends alƙaluma ba su bar wurin musu ba. Daga 2011 zuwa 2025 an yi gasar duniya sau 15. Ƙungiyoyin Koriya ta Kudu sun ci 10, na Sin sun ci 3, Turai ta ci ta farko a 2011 ta hannun Fnatic, sai Taiwan ta ci ta 2012. Amurka ta Arewa, inda kamfanin Riot Games mai wasan yake, ba ta taɓa ɗaga kofin ba. Ɗan wasan T1, Lee Sang-hyeok, wanda duniya ta sani da Faker, shi kaɗai yana da kofi shida, uku daga ciki a jere: 2023, 2024 da 2025.

Amma ƙidayar kofi kaɗai tana iya ruɗar mutum. Ko a kokawar gargajiya, jiha na iya ɗaukar takobi saboda gwarzo ɗaya tak, alhali sauran ƴan kokawarta tun zagayen farko suke faɗuwa. Ma'aunin da ya fi gaskiya shi ne a duba na uku da na huɗu na kowane yanki. A nan ne ƙarfin Koriya ke ba da tsoro. T1 da ta ci kofin 2025, a matsayi na huɗu ta fito daga gasar gida, sai da ta buga wasan share fage kafin ta shiga cikin manya. KT Rolster da suka haɗu a ƙarshe ita ce ta uku. Cikin ƙungiyoyi huɗu da suka kai wasan kusa da na ƙarshe, uku na Koriya ne. Haka aka yi a 2022, lokacin da DRX ta zo a ta huɗu daga Koriya ta kuma tafi da kofin duniya. Ma'ana, cin gasar cikin gida a Seul kan fi cin ta duniya wuya a wasu shekarun.

Wannan bai faɗo daga sama ba. Bayan rikicin tattalin arzikin Asiya na 1997, gwamnatin Koriya ta zuba kuɗi wajen shimfiɗa intanet mai sauri, gidajen kwamfuta na haya suka cika unguwanni, sai ga StarCraft ya fito a 1998 ya tarar da fili a share. A shekarar 2000 aka kafa hukumar KeSPA mai kula da ƴan wasa, aka kuma samu tashoshin talabijin da aikinsu shi ne nuna gasar. Manyan kamfanoni irin su SK Telecom, KT da Samsung suka kafa ƙungiyoyi, suka kama gidaje inda ƴan wasa ke kwana su tashi tare, da koci da mai nazarin abokan karawa. Lokacin da League of Legends ya shigo, wannan tsari ya riga ya shekara fiye da goma yana aiki, sai kawai aka juya shi kan sabon wasa. Har gwamnati ta san da zamansu: zinaren da tawagar Koriya ta ci a wasannin Asiya na Hangzhou a 2023 ya sa aka ɗauke wa Faker da abokansa cikakken aikin soja na dole.

Sin: yawan jama'a da kuɗi, amma da saura

Ƙasar Sin ta fi kowa yawan ƴan wasa da masu kallo, kuma kamfaninta Tencent ne ya mallaki Riot Games gaba ɗaya tun 2015. Ta ci kofin duniya a 2018 da Invictus Gaming, a 2019 da FunPlus Phoenix, a 2021 da EDward Gaming. Sai dai ga wani abin lura da Koriyawa ba sa gajiya da tunatarwa: duka ƙungiyoyin nan uku akwai ƴan Koriya a cikin manyan ƴan wasansu. Rookie da TheShy a ta farko, Doinb da GimGoon a ta biyu, Scout da Viper a ta uku. Har zuwa 2025 ƙungiyar da ƴan Sin zalla ne a cikinta ba ta ci kofin ba. Bilibili Gaming ta kusa a 2024 a Landan, T1 ta ƙwace a wasa na biyar.

Akwai kuma dokar da hukumomin Sin suka kafa a watan Agustan 2021, wadda ta taƙaita wa ƴan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a, Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Iyaye da yawa sun yi maraba da ita, kuma suna da hujjarsu. Amma a sana'ar da ake fara haskawa tun ana shekara 16 ko 17, doka irin wannan tana taɓa rijiyar da ƙungiyoyi ke ɗebo sabbin yara.

Dota 2: inda Koriya ba ta nan

Da a ce Koriyawa wata baiwa ce ta musamman gare su a kan dabaru, ai da sun mamaye Dota 2 ma, tunda ɗan uwan League of Legends ne na kusa. Amma cikin gasar The International 14 da aka yi daga 2011 zuwa 2025, ba su ci ko ɗaya ba. Dalilin a bayyane yake: wasan bai samu karɓuwa a gidajen kwamfutar Koriya ba, har kamfanin da ke tafiyar da shi a ƙasar ya rufe hidimarsa a ƙarshen 2015. Babu ƴan wasa da yawa, babu gasa, babu zakaru.

A nan Turai ce ke gaba. Ƙungiyoyin da ke wasa a yankin yammacin Turai sun ci sau bakwai, ciki har da OG da ta ci biyu a jere a 2018 da 2019. Na gabashin Turai sun ci uku: Natus Vincere ta Yukren a 2011, sai Team Spirit a 2021 da 2023. Sin ta ci uku, a 2012, 2014 da 2016, daga nan kuma ta yi ta zuwa wasan ƙarshe tana dawowa hannu rabbana. Amurka ta Arewa sau ɗaya ta ɗanɗana, a 2015.

Sirrin Turai a wannan wasa shi ne cunkoso. Ɗan Rasha, ɗan Suwidin, ɗan Jodan da ɗan Labanan duk suna iya haɗuwa a kan sabar guda, wato babbar kwamfutar da ke haɗa masu wasa, su yi ta gwabzawa dare da rana. Wanda ya yi fice a wannan kasuwa, ƙungiyoyi za su gan shi ko daga wace ƙasa yake. Ta haka Miracle ɗan Jodan da GH ɗan Labanan suka ci kofin 2017 tare da Team Liquid.

StarCraft II: yadda sarauta ke kuɓucewa

Labarin da ya fi koyar da darasi shi ne na StarCraft II. Shekaru da dama, duk wanda ba ɗan Koriya ba, baƙo ake kiransa a wannan wasa, ko da a garinsu ake gasar. Sai abubuwa biyu suka faru a 2016. Na farko, bayan badaƙalar sayar da wasa da ta rutsa da wasu fitattun ƴan wasa, ga kuma masu ɗaukar nauyi suna janyewa, aka rufe gasar ƙungiyoyi ta Proleague, yawancin ƙungiyoyin kamfanoni suka watse. Na biyu, kamfanin Blizzard ya tsaurara ƙa'idar zama a yanki, ta yadda ƴan Koriya ba za su riƙa zuwa gasannin Turai da Amurka suna kwashe kyaututtuka ba. Wannan ya ba yaran Turai damar samun kuɗin da za su zauna su yi wasan a matsayin sana'a.

Shekara biyu kacal bayan haka, a Nuwamban 2018, Joona Sotala, wato Serral, ya zama mutum na farko daga wajen Koriya da ya ci babbar gasar duniya ta wasan. Reynor ɗan Italiya ya ci ta Katowice a 2021, Oliveira ɗan Sin ya ci ta 2023, Clem ɗan Faransa ya lallasa Serral da ci 5 da nema a wasan ƙarshe na Riyad a 2024, Serral ya dawo ya karɓa a 2025. Koriya har yanzu tana da gwanaye da yawa, amma akasarinsu tsoffin hannu ne, sabbin yara kuwa sun koma wasu wasannin. Jinin Koriyawa bai canza ba tsakanin 2015 da 2018. Gidan da ke renon su ne ya rushe.

Kuɗi kaɗai ba ya sayen kofi

Amurka ta Arewa ta gwada gajeriyar hanya. A 2018, kujerar dindindin a gasar League of Legends ta yankin dala miliyan 10 ake sayenta, albashi ya yi tashin gwauron zabi, aka yi ta ɗauko taurari daga Koriya da Turai. Sakamakon bai taka kara ya karya ba. Tauraron da aka ɗauko ya bar wurin da kullum ake matsa masa, ya koma inda ba shi da abokin gwabzawa na ƙwarai, sai kaifinsa ya dushe. Yaran gida kuma suka rasa gurbi.

Yanzu Saudiyya ce ke zuba kuɗin da ba a taɓa gani ba. A 2022 kamfanin Savvy na asusun zuba jarin gwamnatin ƙasar ya sayi ESL da FACEIT, manyan masu shirya gasa, a kan dala biliyan ɗaya da rabi. Gasar Esports World Cup da aka yi a Riyad ta raba sama da dala miliyan 60 a 2024, sama da miliyan 70 a 2025, kuma Team Falcons ta Saudiyya ce ta zo ta ɗaya a jimillar maki duka shekarun biyu. To amma a dubi mutum biyar da suka ci mata kofin Dota 2 a Hamburg: ɗan Sulobakiya, ɗan Rasha, ɗan Jodan, ɗan Denmak da ɗan Amurka. Kofin na wane yanki ne ke nan? Tuta ta Saudiyya ce, horon kuwa a sabar Turai aka same shi. Kuɗi ya sayi ƙungiya, kuma ya sayi masaukin gasa. Samar da ƴan wasa na gida aiki ne na shekaru.

Ina Afirka a wannan lissafi?

A kan takarda muna ciki. Tun 2023 babbar gasar League of Legends ta Turai ta faɗaɗa sunanta ya haɗa da Gabas ta Tsakiya da Afirka. A aikace kuwa a birnin Berlin ake buga ta, kuma ƙasashen kudu da Sahara ba su da wata ƙaramar gasa a cikin tsarin da za ta kai yaro can. An buɗe wa Gabas ta Tsakiya sabar tata a 2024. Mai wasa daga Yamai, Kano, Akara ko Garwa kuwa sai dai ya shiga ta Turai. Dota 2 na da sabar a Afirka ta Kudu, wadda ita ma ba kusa take da mu ba.

Nisa a nan ba ƙaramar magana ba ce. Duk danna maɓalli sai saƙon ya je sabar ya dawo, kuma ana auna wannan jinkiri da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Haske a cikin wayar gilashi yana cin kimanin kilomita 200 a kowane milisakan. Daga Yamai zuwa Faris kusan kilomita 4,000 ne a miƙe, ke nan zuwa da dawowa ba zai gaza milisakan 40 ba ko da an ja waya tsaye ta cikin hamada. Alhali saƙon namu sai ya gangara bakin teku tukuna, ya bi wayoyin ƙarƙashin ruwa ya zagaya gaɓar yammacin Afirka. Ɗan wasan Seul kuwa jinkirinsa bai cika kai milisakan 10 ba.

Don a gane nauyin abin, a tuna da gasar tsakiyar shekara ta 2022 a birnin Busan. Ƙungiyar RNG ta Sin ba ta samu fita daga Shanghai ba saboda kullen korona, sai aka yarda ta buga daga gida, aka kuma ƙara wa sauran ƙungiyoyi jinkiri da gangan don kowa ya tsaya a milisakan 35. Da aka gano lissafin bai daidaita ba, sai da aka soke wasanni uku na RNG aka sake buga su. Idan ƴan milisakan kaɗan sun isa a soke wasan ƙwararru, yaya ke nan ga yaron da kullum da ninkin wannan yake atisaye? Ga ɗaukewar wutar lantarki, ga tsadar kwamfuta mai ƙarfi, ga kuma irin abin da ya faru ranar 14 ga Maris na 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku da dama suka lalace a gaɓar yammacin Afirka, intanet ya tsaya cak a ƙasashe da yawa.

Darasin Filifin

Akwai ƙasar da ta nuna cewa ba dole sai an bi hanyar Koriya ba. Filifin ba ta da arzikin Koriya ko na Sin, amma a wasan Mobile Legends, wanda shi ma biyar da biyar ne sai dai a salula ake yinsa, ƙungiyoyinta sun ci gasar duniya sau biyar a jere, daga ta biyu a 2021 zuwa ta shida a 2024. Wasan ba ya buƙatar waya mai tsada, kamfanin ya kafa gasar ƙwararru ta cikin gida tun 2018, kuma maƙwabciyarta Indunusiya, wadda ta ci gasar farko a 2019, tana nan kullum tana hura mata wuta. Sinadaran dai su ne na Seul: yawan masu wasa, gasa mai ɗorewa, da kishiya a kusa.

Wannan ne ya fi kama da halin da muke ciki, inda salula ta shiga kowace fada amma kwamfutar wasa sai gidan wane da wane. Gasar da ake shiryawa sau ɗaya a shekara, a raba kyauta a ɗauki hoto a watse, ba ta haifar da gwani. Abin da ke haifar da shi shi ne gasar mako-mako mai jadawali, wadda Yamai za ta kara da Damagaram, Kano ta kara da Kumasi, a san na ɗaya a san na goma. Sai kuma hukumomin sadarwa da kamfanonin waya su matsa a kawo sabar wasanni cibiyoyin ajiyar bayanai da ke Legas ko Akara, tunda nan ne wayoyin teku ke sauka.

Masu shirya gasar Riyad sun sanar da wata sabuwa ta ƙasa da ƙasa, wadda suka tsara farawa a Nuwamban 2026, inda kowa zai buga a ƙarƙashin tutar ƙasarsa. A irin wannan gasa ba a ɗauko ɗan Denmak ya buga wa wani. Kowace ƙasa da abin da ta rena za ta fito, kuma a nan ne za a ga bambancin wanda ya gina da wanda ya saya. Koriya za ta je da zurfin benci a League of Legends, Rasha da ƙasashen Turai da gwanayen Dota 2, Filifin da yaran salula. Mu kuwa, kafin mu shiga gardamar wa ya fi wa, sai mun fara samun filin da yaranmu za su yi atisaye ba tare da wuta ta ɗauke ko layi ya tsinke a tsakiyar wasa ba.